Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Famfon da Ba a Rufewa

A makon jiya na tsaya a inda aka ɗauke ni aiki a wani kamfanin robobi da ke Sharaɗa, a Kano. Ranar farko ba a kai ni wajen injinan buga bokiti ba. Wani dattijo da kowa ke kira Baba ya ja ni bayan gini, ya nuna mini wani ƙaton akwati mai fanka a ka, ruwa na zuba cikinsa kamar da bakin ƙwarya.

"Yaro, ga kulin-tawa," in ji shi. "Ka san randa?"

Na ce, "Baba, da ruwanta aka raine ni."

"To, uwarta ce wannan."

Randar ƙasa tana tsattsafo, iska ta busar da danshin, zafin ya bi iska. Ita ma kulin-tawa haka take. Ruwan da ya zagaya injina ya kwaso zafinsu yakan hau sama da wajen digiri 35. A watsa shi kan wasu faifan roba masu kama da saƙar zuma, ya bazu yana gangarowa, fanka kuma na jan iska ta tsakaninsa. Kamar kashi 1 cikin 100 ne ke tashi tururi, amma shi ke kwashe zafin, sauran ya faɗo tanki da wajen digiri 30 ya koma aiki. Irinta ce ake gani a rufin manyan otal-otal, tana fitar da zafin na'urar sanyaya ɗakuna.

Na ƙaunaci aikin nan. Da hunturu, iska a bushe, sai ka tsoma hannu a tanki ka ji sanyi har ƙashi, sai dai ƙurar hazo takan kwanta a ƙasa ta zama laka. Da damina kuwa iska ta riga ta ƙoshi da danshi, fanka ta yi ta juyi, ruwan bai sauka yadda ake so ba.

Akwai wani ɗan famfo a gindin tankin, kullum yana tsiyaya cikin kwata. Ni da na tashi ina bin layin 'yan garuwa, abin yana ci mini rai. Da Baba ya tafi jinyar ƙafarsa, na murɗe shi tam.

Bayan 'yan makonni bokitai suka fara fitowa a karkace. Ranar da Baba ya dawo, ya kwance bututu ɗaya ya miƙo mini. Farin ɓawo ya kama cikinsa, mai tauri kamar kanwa, ɗan yatsana da ƙyar ya shiga, shi ya sa ruwan sanyin ba ya isar injina.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Tururi ruwa zalla yake ɗauka, gishirin burtsatse a nan yake zama. Famfon nan shi ke rage shi."

Kwana biyu muna wankin bututu da sinadari, injina a kashe, ma'aikatan yini suka koma gida hannu rabbana saboda ni. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Muna kankare gansakuka a tankin ne Baba ya ɗaura mini ƙyalle a hanci, ya ba ni labarin wani otal a Filadelfiya ta Amurka, inda a 1976 ƙwayar cutar da ke hayayyafa a ruwa mai ɗumi irin wannan ta bi iska ta hallaka tsofaffin sojoji da suka je taro. Daga nan zan ɗora mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.