Tsutsa Suna Ta Tara

Kalmar "tsutsa" ta haɗa halittun da ba dangin juna ba. Wadda ke cin wake ko zangarniyar gero 'yar ƙwaro ce, wata rana za ta yi fiffike, don haka a ajiye ta gefe. Sauran, marasa ƙashi da ƙafa, manyan rukunoninsu uku ne, kuma ƙirar jiki ce ke raba su.

Akwai masu faɗi. Tsila na cikinsu: ba baki, ba hanji, ta fata take tsotse abin da cikin mutum ya narkar, kuma wadda ake ɗauka daga naman shanu kan kai mita 4 zuwa 10. Tsire ko balangun da bai gasu har ciki ba ne hanyarta. 'Yan'uwanta su ne tsutsar hanta, mai kama da ganye, da wadda ke kawo tsargiya. Duka biyun sai sun bi ta jikin katantanwar ruwa kafin su kama dabba ko mutum. Shi ya sa tumakin da ke kiwo a fadamun Haɗejiya, da yaran da ke wanka a magudanan ban-ruwa na Kura da Kadawa, suka fi haɗuwa da su.

Sai masu jiki mulmulalle, sumul ba gaɓa, da baki da dubura. Babbar tsutsar cikin yara tana kai santimita 35, macen kan saki ƙwai wajen 200,000 a rana. Kurkunu ma a wannan rukuni take, ko da yake tun 2013 aka tabbatar Najeriya ta rabu da ita. Mai tumatir ya tuge wanda ya yi yaushi alhali ƙasa da danshi: in ya ga ƙulle-ƙulle a saiwar, 'yan ƙananan wannan rukuni ne, ƙarin taki ba zai yi magani ba.

Na uku masu zobe-zobe, wato tsutsar ƙasa da ake kira tana, da kuma matsattsaku. Ita tanar, ta fata take numfashi, shi ya sa da rani take nutsewa can ƙasa neman laima. Abokiyar manomi ce.

Amfanin rarrabewar a wajen magani yake. Allurar ivermectin, da makiyaya suka ɗauka maganin komai ce, tana kashe mulmulallu amma ba ta taɓa tsila ko tsutsar hanta. Tsargiya kuwa praziquantel take ji, ba albendazole ɗin da ake ba yara ba. Kuma kada a ba tunkiya albendazole a watan farko na cikinta, yana iya lahanta ɗan.