Rana ba ta jiran amarya

Shekarar da na fara ɗaukar hoton biki da kaina, bayan na bar gaban maigidana, akwai wata amarya da har yau hotunanta suke ci mini rai. An tsara za a gama mata kwalliya ƙarfe biyu, ba a gama ba sai huɗu saura. Motar da za ta ɗauke ta kuma ta biya ɗaukar wasu ƙawaye. Da muka isa wurin taro aka ce a fara da hoton dangi tunda manya sun daɗe a zaune, kuma wannan magana ce da ba a musa ta. Kafin in sallami rukunin ƙarshe rana ta faɗi. Hoton amarya da ango su biyu, wanda shi za su rataye a bango har 'ya'yansu su taso su gani, a bakin wurin ajiye motoci na ɗauke shi, filasha tana dukan fuskarsu, bayansu baƙi ƙirin. Ba wanda ya yi ganganci a ranar. Abin da ya rage shi ne ban zauna da su makonni kafin bikin na tambaye su ƙarfe nawa za a yi kaza, ƙarfe nawa za a yi kaza ba. A lokacin na ɗauka wannan ba hurumina ba ne.

Tun daga nan na sauya yadda nake karɓar aiki. Ba na shiga maganar yawan hotuna ko irin albam sai na duba ƙarfe nawa rana za ta faɗi ranar bikin, a garin da za a yi shi. A duk jadawalin, wannan lokacin kaɗai ne ba mai iya roƙon a ɗaga masa shi. Mai kwalliya za ta iya sammako, direba zai iya ƙara sauri, mai gabatarwa zai iya rage zance, amma rana tana cin digiri 15 na sararin sama a kowace awa, an shirya ko ba a shirya ba. Sai in rubuta lokacin faɗuwarta a can ƙasan takarda, in riƙa lissafi ina hawowa sama har in kai ga lokacin da amarya za ta zauna gaban madubi.

Dalilin wannan naci shi ne hasken la'asar sakaliya, wato awar ƙarshe kafin faɗuwar rana. A lokacin rana ta sauko, haskenta yana zuwa daga gefe, yana kuma ratsa iska mai kauri fiye da ta tsakar rana, sai shuɗin da ke cikinsa ya warwatse, ruwan zinare ya rage. A ma'aunin launin haske, ranar tsaka tana wajen Kelbin 5,500, ta dab da faɗuwa kuwa tana saukowa wajen 3,000 zuwa 3,500. Fata, baƙa ce ko fara, tana yin sheƙi a cikinsa ba tare da na taɓa komai a kwamfuta ba. Mintuna 20 zuwa 30 nake roƙa a ba ni da ango da amarya a cikin wannan awar, in gama saura kamar minti goma ranar ta ɓace. Nakan ja kunnen masu kawo mini hotunan Instagram suna cewa irin wannan suke so. Yawancinsu an ɗauke su ne a ƙasashen can arewa a lokacin zafinsu, inda rana take jan ƙafa kafin ta faɗi, almuru ya daɗe yana haske. A ƙasashen da ke kusa da layin ikwaita rana kusan a miƙe take nutsewa, cikin minti 20 zuwa 25 duhu ya rufa. Wanda ya makara da rabin awa a irin wannan wuri, sai dai a yi haƙuri.

Tsakar rana ce abokiyar gabata, ga shi kuma sau da yawa a lokacin ake ɗaura auren, ba ni da ikon sauya shi. Rana tana tsaye a ka, inuwa ta cika kwarmin ido da ƙarƙashin hanci, mutane suna ƙanƙance ido, farar tufa ta ƙone a hoto har ɗinkin da aka yi wata guda ana yi ya ɓace. In na rage haske don in ceto tufar, fuska ta yi duhu. Maganin shi ne a nemi inuwa buɗaɗɗiya tun kafin ranar, gefen dogon gini ko bakin rumfa, inda mutum yake cikin inuwa amma yana fuskantar sarari. Ƙarƙashin bishiya mai sakin ganye yaudara ce, don haske yana ɗigowa ya yi wa fuska dabbare-dabbare, kuma gyaran wannan a kwamfuta wahala ce marar amfani. In babu inuwa ko kaɗan, sai in juya mutane rana ta koma bayansu.

Ɗakin da ake shirya amarya na daɗe ban ba shi muhimmanci ba, alhali a nan ake samun hotunan da uwa take fi so. Yanzu tambayata ta farko ita ce, ɗakin yana da taga babba? In yana da ita, a ajiye kujerar kwalliya tana fuskantarta, a kashe ƙwan lantarki. Ƙwai mai ruwan ɗorawa yana wajen Kelbin 2,700, hasken taga ya kusa ninka shi, in suka haɗu a fuska ɗaya sai rabi ya yi ja rabi ya yi shuɗi. Kuma kusanci da tagar yana da tasiri fiye da yadda ake zato, don haske yana mutuwa da sauri yayin da ake nisa da mafarinsa: in fitila ce ƙarama, ka ninka nisa, kashi ɗaya cikin huɗu ne zai rage. Sai tarkace. Leda, caja, kwalaben ruwa, takalman ƙawaye goma, duk kyamara tana ganinsu ko da idon mutum ya saba da su. Nakan roƙi ƙawa ɗaya ta tattara komai a kusurwa guda.

Mai kwalliya kuwa na koyi in riƙe ta abokiyar aiki. Da can haushinta nake ji, ina ganin ita ce mai cinye mini lokaci. Daga baya na gane sau da yawa ana jibga mata mutum shida a lokacin da zai ishi uku, a bar amarya a ƙarshe wai don kada kwalliyarta ta lalace. Duk jinkirin da aka tara tun safe a kan amarya yake sauka. Yanzu nakan kira ta da kaina in ce, "Hajiya, gaya mini gaskiyar lokacin da kike buƙata." Abin da ta faɗa sai in ƙara masa rabin awa, in kuma roƙa a sa amarya a tsakiya, a bar gyaran ƙarshe na minti biyar kafin fita.

Hoton dangi shi ne ramin da lokaci yake zurarewa. Kowane rukuni yana cin minti uku zuwa huɗu in komai ya tafi daidai, wato rukuni ashirin ya haura awa guda, kuma da wuya komai ya tafi daidai: kawu ya fita amsa waya, goggo tana can tana gaisawa, yaro ya ƙi tsayawa. Ina roƙon ango da amarya su rubuto mini rukunai da sunaye, kada su wuce goma, sauran a ɗauke su a wurin liyafa cikin nishaɗi. Sannan kowane ɓangare ya ba ni mutum ɗaya da ya san fuskoki, mai murya, wanda ake jin maganarsa, ya riƙe takardar yana kira. Ni baƙo ne a cikinsu, ban san wace ce yayar uwa ba, kuma bai dace in riƙa ɗaga wa dattijai murya ba. Da tsofaffi da ƙananan yara nake farawa don su samu su zauna, in fara da babban rukuni ina ragewa, tunda sallamar mutum ta fi nemo shi sauƙi.

Akwai lissafin da nake so a nan. Wasu masu bincike biyu a Ostiraliya, Nic Svenson da Piers Barnes, sun auna sau nawa ya kamata a danna kyamara kafin a samu hoton da ba wanda ya ƙifta ido, har aka ba su kyautar Ig Nobel, wadda ake bai wa binciken da yake ba da dariya kuma ya sa tunani, a 2006. Ga rukunin da bai kai mutum 20 ba, a raba yawansu gida uku in haske yana da kyau, gida biyu in ba shi da kyau. Mutum 18 a inuwa mai haske ke nan sau shida. Ni nakan ƙara a kan haka, in kuma tsuke ƙofar gilashin kyamara zuwa f/5.6 ko f/8 don layin gaba da na baya su fito tar. Tsukewar tana buƙatar haske, shi ya sa ba na son a tura hoton dangi cikin ɗakin taro mai duhu.

Ɗakin taron nakan je in gan shi kafin biki, a daidai sa'ar da za a yi taron in ya yiwu. Ina duba silin: in fari ne kuma bai yi tsawo ba, zan harba filasha sama ta dawo a tausashe. In baƙi ne ko ya yi nisa, sai na zo da fitilu a kan sanduna. Ina neman mai kula da fitilun wurin mu gaisa. Fitilu masu launi suna ƙawata ɗaki a ido, amma shuɗi ko shunayya a fuskar amarya ba ya gyaruwa yadda ya kamata. Roƙona ɗaya ne, a bar farin haske a inda za su zauna da inda za su shigo. Wasu fitilun LED ma suna ƙiftawa da bugun wutar lantarki, wadda take 50 a daƙiƙa a wasu ƙasashe, 60 a wasu, sai hoto ya fito da ratsi-ratsi in ban daidaita saurin ɗauka ba. Gara in gano wannan ranar Laraba ɗaki ba kowa, da in gano shi amarya tana tsakiyar shigowa. Masu waya kuma ba na faɗa da su, murna ce ta kawo su. Mai gabatarwa nake roƙa ya ce a zauna na minti biyu lokacin shigowa, kuma in shi ya faɗa ana ji. In lokacin damina ne, a tanadi wuri mai rufi da taga ko baranda, a sanar da kowa tun da wuri.

Amma abin da ya fi daɗewa bai zauna mini ba, ba na haske ba ne. Amaryar da ake ce wa "yi sauri, ana jira" tun hantsi, saurin yana zama a fuskarta. Kafaɗa ta ɗage, murmushi ya tsaya a leɓe, ido yana neman wanda zai sake kiranta. Na ɗauki irin wannan fuskar a cikin haske mafi kyau da kyamara mafi tsada, hoton ya fito tsaf amma ba ita ce a ciki ba. Shi ya sa yanzu nake cusa gurabe a jadawali waɗanda ba a rubuta musu aikin komai ba, minti 15 a nan, minti 20 a can. Wasu iyayen sukan tambaya me za a yi a ciki. Wata uwar amarya ta taɓa ce mini, "Malam, wannan ba ɓata lokaci ba ne?" Na ce, "Ranki ya daɗe, na jinkirin da bai zo ba tukuna ne. In bai zo ba, ke da 'yarki ku zauna ku sha iska." Ta yi shiru, ta ce a bar shi.

A bikin nan jinkirin ya zo, kamar yadda yakan zo. Rigar ta buƙaci ɗinki a kafaɗa, aka ci minti 15, gurbin farko ya shanye shi. Na biyun ba abin da ya taɓa shi. Amarya ta gama shiri ta zauna kusa da taga, ƙawaye sun fita, uwar ta shigo tana gyara mata abin wuya tana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ban ji me take cewa ba, na tsaya a bakin ƙofa na danna sau uku. Hoton dangi rukuni tara muka gama a gefen ginin cikin minti 35, wani ƙanen ango yana kira da takarda a hannu. Rana za ta faɗi ƙarfe 6:40. Shida da minti biyar na fita da su biyu bayan ɗakin taron, na sa ranar a bayansu, na ce su yi ta tafiya a hankali suna hirarsu, kada su kula da ni. Shida da rabi muka dawo ciki, mai fitilu ya bar mana farin haske a bakin ƙofa yadda muka yi da shi.