Agogon Yaro da Agogon Ofis

Duk ma'aikaciyar da ke da ƙananan yara tana rayuwa ne da agogo biyu. Akwai na jikin bango, wanda ya ce taro ƙarfe tara, rahoto kafin a tashi daga aiki. Akwai kuma na cikin jikin yaro, wanda ba ruwansa da ƙarfe nawa, shi dai yunwa ya sani da barci da fitsari da gajiya. A zaune a gida ana iya rufa wa wannan saɓani asiri, domin akwai mai raino, akwai wajen kwanciya, komai yana inda aka saba ajiye shi. Amma da zarar an saɓi yaro an hau hanya, a mota ne ko a jirgi, agogonsa ne ke mulki, ko an so ko an ƙi.

Ni ba don sha'awa na fara tafiya da jariri ba. Lissafi ne ya tilasta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nono zalla na wata shida, a ci gaba da ba shi tare da abinci har shekara biyu ko fiye. Ita kuwa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a yarjejeniyarta mai lamba 183 ta shekarar 2000, mako 14 ta sa a matsayin mafi ƙarancin hutun haihuwa. Mako 14 ko wata huɗu bai cika ba. Ke nan uwa tana komawa bakin aiki ɗanta bai san komai ba sai nono, kuma idan aka ce akwai horo ko taro a wani gari, ko dai ta tafi da shi ko ta ce ba za ta ba.

Abin da hanya ta fi koya mini shi ne kukan yaro yana da dalili, kuma sau da yawa dalilin a jikinsa yake, ba a halinsa ba. A jirgin sama za ki ga yara sun fi tsala kuka lokacin da aka fara gangarowa. Iskar cikin jirgi ce ke sauya nauyi, ita kuma 'yar hanyar da ta haɗa cikin kunne da maƙogwaro ƙarama ce a wajen yaro, ba ta saurin buɗewa. Babba yana haɗiye yawu ko ya yi hamma, kunnen ya buɗe. Jariri bai san ya yi haka ba. Shi ya sa nake ja masa lokacin shan nono kaɗan, har sai an sanar da saukowa, domin tsotso da haɗiya su ne maganin. A mota kuma wata matsalar ce daban: amai da jiri, waɗanda suka fi kama yara daga shekara biyu zuwa goma sha biyu. Ido yana kallon abin da ba ya motsi, cikin kunne kuwa yana jin ana tafiya, sai ƙwaƙwalwa ta rikice. Don haka wayar da ake miƙa wa yaro don ya yi shiru ita ce kan jawo aman. Ya kalli gaba, ya sha iska, a tsaya ya taka ƙasa. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 kan yara 'yan ƙasa da shekara biyar, an ce kada a ɗaure yaro a wuri ɗaya, kamar keken turawa ko kujera, fiye da awa ɗaya a jere. Yaron da ya fara harbin bayan kujera bayan doguwar tafiya ba rashin tarbiyya ke damunsa ba, ƙafafunsa ne suka gaji da zama.

Wannan ya bi ni har ofis ba tare da na yi niyya ba. Idan ƙaramin ma'aikaci ya kawo aiki a makare ko a hargitse, abin da ke fara zuwa bakin shugaba shi ne "ba ka mai da hankali". Yanzu nakan tsaya in bincika tukuna: an yi masa bayani sosai? Takardun da yake jira sun iso hannunsa? Mutum nawa ne suka ɗora masa aiki a rana ɗaya? Ba ina nufin manya yara ba ne, kuma akwai malalata na gaske, na yi aiki da su. Amma tambaya tana warware abin da faɗa ba ya warwarewa, kuma ba ta cin lokaci kamarsa.

Sai maganar lissafin lokaci. Masana halayyar ɗan'adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun bayyana tun 1979 cewa mutane suna da ɗabi'ar raina lokacin da aiki zai ci, ko da sun sha yin irinsa sun ga ya wuce yadda suka zata. Kowa yana lissafi ne da ranar da komai zai tafi daidai. Mai tafiya da yaro ba ta daɗewa a cikin wannan ruɗin. An gama shiri, an sa takalmi, an kulle ƙofa, sai a ji wari, a koma a sake nafkin. Saboda haka na daina tsara tafiya da saurina, na koma tsara ta da saurin mafi ƙanƙanta a cikinmu, in kuma bar sarari a tsakani wanda ban sa masa komai ba. Sannu ba ta hana zuwa. A wajen aiki ma, idan aka tambaye ni yaushe zan gama abu, ranar da na san zan iya nake faɗa, ba wadda za ta faranta ran mai tambaya ba. Wasu shugabannin ba sa son haka da farko. Sukan saba, idan suka ga ranar da aka faɗa ba ta tashi.

Kayan tafiya ba sa buƙatar dogon bayani. Abin da za a nema cikin gaggawa ya zauna a jakar hannu, ba a cikin akwati ba, har da rigar canji ta uwar, domin aman yaro ba a jikinsa kaɗai yake tsayawa ba. A filayen jirgi da yawa, dokar hana shiga da ruwa fiye da mililita 100 tana ɗaga ƙafa ga madara da abincin jarirai, sai dai a fito da su a nuna wa masu bincike.

Wanda ya fi wuya shi ne abin da ke faruwa a cikin zuciyata idan yaro ya kwanta a ƙasa yana birgima a gaban jama'a. Na lura cewa yawancin fushin da iyaye ke yi a irin wannan lokaci ba da yaron ake yi ba. Kunya ce. Idanun mutane ne a kanki, kina jin kamar kowa yana auna tarbiyyar gidanku, sai ki huce a kan wanda ya fi kowa rauni a wurin. Shi kuwa yaro fuskarki yake karantawa. Idan ya ga kin rikice, tsoronsa ya ninku, kukan ya ƙaru. Abin da ke aiki shi ne ki durƙusa daidai tsayinsa, ki sassauta murya, ki faɗa masa abin da ke tafe da kalmomin da zai gane. "Saura minti biyar" ba ta da ma'ana a wajen ɗan shekara uku. "Idan ka gama wannan, sai mu sa takalmi" ita yake ganewa. Mutanen da ke kallo kuma, yawancinsu sun taɓa raino, wasu ma taimako suke son yi, kuma da wuya ki sake ganinsu.

Irin wannan kunyar ce ke kama mutum a ɗakin taro idan aka nuna kuskure a aikin sashensa a gaban manya. Da sauri ake waiwayawa a nemi wanda ke ƙasa a jefa masa laifin. Wanda ya saba riƙe fuskarsa a gaban fasinjoji cike da mota yana iya riƙe ta a nan ma, ya ce "za mu duba", ya bar sauran magana sai an fito.

Ban yarda da masu cewa haihuwa kaɗai tana mai da mutum gwanin aiki ba. Gajiya gaskiya ce. Ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana, amma a baƙon ɗaki ba ya yin sa yadda ya saba, kuma idan bai yi ba uwa ma ba ta yi. Aikin da ake buɗe kwamfuta a yi da tsakar dare bayan ya kwanta, da safe sai an sake rabinsa. Shi ya sa yanzu kafin in amsa kowace tafiya nake tambaya: kwana nawa ne, akwai wanda zai riƙe mini shi lokacin zama, akwai ɗakin da zan shayar? Idan babu, nakan nemi a haɗa ni ta intanet, ko abokiyar aiki ta je a madadina in shirya mata komai a rubuce. Wani lokaci kuma Baban yara ne ke ɗaukar hutu ya zauna da su, ni in tafi ni kaɗai. Akwai tarukan da na bari suka wuce ni, kuma na san a wasunsu aka ƙulla abubuwan da suka ɗaga waɗanda suka je.