Karas mai wando da farar saiwar da na tono a Ajiwa

Shekarar da na fara noman rani a Ajiwa, komi goma sha biyu Kawu ya yanka mini a ƙarshen lambunsa, can inda ƙasar ta fi laka. Na ce karas zan sa. Na shiga Katsina wajen masu sayar da iri, na ɗauki gwangwanin da hotonsa ya fi burge ni, wani dogon karas siriri mai tsini kamar mashi, an rubuta Imperator a jiki. Ban tambayi kowa ba. Na kwaso ɗanyen kashin shanu na zuba, na cakuɗa irin da yashi don ya bazu, na yayyafa a farkon Nuwamba da sanyi ya fara leƙowa.

Sai da ya kusa mako biyu kafin ya tsiro, har na fara zargin irin ya mutu. Ashe haka karas yake, ba ya gaggawa. Da ya tashi kuwa ganye ya yi shar, duk wanda ya wuce sai ya ce mini sannu da ƙoƙari.

Bayan wata uku na tuge na farko. Ƙafa biyu gare shi, sak wando. Na biyu ƙafa uku, na gaba ya murɗe kamar igiya, duk jikinsa gashi. Kawu ya karɓa ya jujjuya, ya ce, "Mi ka zuba ma ƙasar nan?" Na faɗa masa. Ya ce, "Ɗan nan, ɗanyen taki kan raba saiwa. Kuma dogon karas jigawa yake so. Ka sa shi a laka, ina zai bi ya wuce?" Dillali ya zo ya duba, ya yi tayin da har yau ba na son tunawa.

Imperator irin Amurka ne, yakan kai taƙi guda ko fiye, sai ƙasa mai rairayi da zurfi. Tsinin saiwar nan da zarar ya ci karo da dutse ko dunƙulen laka, ko ɗanyen taki ya ƙone shi, sai ya rabu. Shi ya sa ma ba a dasa karas kamar albasa ko tumatir; inda ka yayyafa nan zai girma.

Da rani ya zagayo na raba komayen biyu, da ruɓaɓɓen taki wannan karon. Rabi na sa Kuroda, irin Japan, gajere mai faɗin kafaɗa, ɗan gidan su Chantenay, wani gajeren karas na Faransa. Laka ba ta dame shi ba, kuma da zafin Maris ya fara ya jure. Rabin da ya fi yashi na sa Nantes, mai sunan wani birni a Faransa. Shi kaurinsa ɗaya daga sama har ƙasa, bakinsa a dakushe, zuciyarsa ƙarama. A ganina babu kamarsa wajen ci ɗanye, ka gatsa ka ji ƙaras da zaƙi. Sai dai saurin karyewa gare shi, in aka danna shi a buhu rabi ya tafi, don haka 'yan gwari suka fi son Kuroda. Na kuma koyi rage tsiro tun yana ƙarami, da tura ƙasa a kan kafaɗar, don wadda rana ta bugi kanta takan yi kore ta yi ɗaci.

A komin Nantes ɗin nan ne na tono abin da ya ɗaure mini kai. Saiwa fara fat, siririya kamar ɗan yatsa, tauri kamar itace. Na shinshina, ƙamshin karas ne. Na tauna na tofar. Ɗan Kawu, wanda ke karatun noma a Dutsin-Ma, ya ce, "Yaya, kakan karas ka tono." Karas na daji haka yake, yana fitowa da kansa a bakin hanyoyin Turai da sassan Asiya. Jinsinsu ɗaya da na lambu, don haka in ƙudan zuma suka kai garin furensa gonar da ake tara iri, sai a sami irin wannan jefi-jefi a cikin gwangwani.

Daga gare shi na ji cewa launin lemon nan da muke ɗauka shi ne karas, baƙo ne. An fara noma shi a wajen Afganistan da Iran sama da shekara 1,000 da suka wuce, kuma na farkon shunayya ne da rawaya. Mai ruwan lemo sai wajen ƙarni na 16 zuwa na 17 ya bayyana a Turai, manoman Holan suka inganta shi. Launin nasa daga sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A ne. Har gobe a Turkiyya da Indiya ana noman baƙin karas ana yin abin sha da shi.

Wata tambaya da ta daɗe tana cina ma a ranar ta warware: me ya sa kullum sai mun sayi iri, alhali muna ajiye na yakuwa da kuɓewa? Irin Turai shekara biyu yake rayuwa. A ta farko ya tara abinci a saiwa, sai ya sha sanyi mai tsanani kafin ya yi fure a ta biyu. Hunturunmu bai cika isarsa ba, bazara kuma ta zo ta ruɓar da shi.

Na dajin bai jira komai ba. Akwai wani guda da ya ɓuya mini a kusurwar komi, kafin in farga ya fidda kara ya kai mini gwiwa, ya buɗe farin fure kamar laima, da ɗigon shunayya a tsakiya. Na so in bar shi in ga ƙarshensa. Kawu ya ce, "Ka bar shi ya zubar da 'ya'ya, baɗi kai za ka yi ciran." Na tuge shi na wurga wa awaki.