Tokar Marshal a Maƙabartar Donskoy

Ranar Asabar ce a ƙarshen Oktoba, sanyin Mosko ya fara ratsa ƙashi. Ƙanena da ke karatun likita a can ya shirya kai ni kallon Kremlin, sai na ce masa maƙabarta nake so mu je. Ya dube ni ya ce, "Yaya, tun daga Kano saboda maƙabarta?" Na ce masa akwai mutumin da na daɗe ina karanta tarihinsa, Marshal Mikhail Tukhachevsky na sojan Sobiyet, ina so in ga inda ya ƙare.

Mun fara biyawa ta titin Nikolskaya, wanda ke cike da masu ɗaukar hoto a ƙarƙashin fitilun ado. A ƙarshensa akwai wani tsohon gini mai lamba 23, ba mai ɗaga kai ya kalle shi. A nan kotun soja ta zauna ranar 11 ga Yuni, 1937, ta yanke wa Mikhail Tukhachevsky da manyan hafsoshi bakwai hukuncin kisa a yini guda, bisa zargin cin amanar ƙasa da haɗa baki da Jamus. A daren aka harbe su. Shekarunsa 44.

A cikin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa na ba ƙanena labarinsa. Ɗan gidan sarauta ne da arzikinsu ya karye. Jamusawa sun kama shi a 1915, suka tsare shi a Ingolstadt, inda ya haɗu da Charles de Gaulle na Faransa, kuma sai a yunƙuri na biyar ya samu tserewa. Ya shiga Jan Soja, wato sojan Sobiyet, bai kai shekara talatin ba yake jagorantar runduna. A 1920 ya kai bakin Warsaw, babban birnin Poland, aka kore shi, shi da Stalin kowa ya ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Daga baya ya zama cikin masu tsara dabarar yaƙi ta kutsawa can ciki, wato a fasa layin abokin gaba da tankoki da jiragen sama da sojan laima lokaci guda, a isa bayansa kafin ya farga. A 1935 aka naɗa shi Marshal, ɗaya daga cikin biyar na farko. Uku daga cikin biyar ɗin ba su tsira daga hannun Stalin ba.

Muka sauka a tashar Shabolovskaya muka taka da ƙafa. Donskoy shiru take, ganyaye masu ruwan ɗorawa sun rufe hanyoyi. Ginin da ake ƙona gawa a zamanin Sobiyet yana nan, an mayar da shi coci. Wata tsohuwa da ke share kabari ta nuna mana hanya da tsintsiyarta.

Abin da na tarar ya fi ƙarfin abin da na karanta. Wani ɗan fili ne da bai fi tsakar gida ba, da dutse a tsakiya. Ana kiransa Kabarin Gama-gari Lamba 1, na tokar da ba a zo karɓa ba daga 1930 zuwa 1942, kuma a nan aka ce tokar Tukhachevsky take. Wa zai zo karɓa, alhali ba a gaya wa iyalai ba? Kewaye da dutsen an kakkafa ƙananan alluna, cunkus kamar shuka, kowanne da suna da shekara, mafi yawa 1937 da 1938. Wasu da ɗan hoto da ruwan sama ya ci. Ƙanena ya durƙusa yana karanto mini haruffan Rashanci. Mu da muka saba wanka da likkafani da sallah da rakiya, jikina ya yi sanyi da na tuna dubban mutane aka ƙona aka zuba a rami ɗaya da daddare.

Ban je don in wanke sunan Tukhachevsky ba. A 1921 shi ne ya murƙushe boren ma'aikatan jiragen ruwa a Kronstadt, kuma a Tambov ya sa hannu a umarnin amfani da iska mai guba a kan manoman da suka ɓuya a daji saboda ƙwace musu hatsi. Wannan yana wuyansa. Amma laifin da aka kashe shi a kai ƙage ne, kuma an samu ɗigon jini a takardar amsa laifin da ya sa wa hannu. An harbe matarsa Nina da 'yan'uwansa maza biyu, aka tura 'yarsa Svetlana sansanin gwale-gwale. Sai a 1957 gwamnati ta wanke sunansa.

Da za mu fita, ƙanena ya ja hannuna zuwa wani kabari mai kyau kusa da ƙofa, da hoto da furanni. Na Vasily Blokhin ne, shugaban masu harbin fursunoni na NKVD, hukumar 'yan sandan sirri ta zamanin Stalin. Na tsaya ina kallon hotonsa cikin kayan soja, har ƙanena ya ce, "Yaya, mu tafi, la'asar ta kusa wucewa." Muka nufi tasha ba mai cewa uffan.