Yasar Kwatar Layinmu a Nima

A Nima, wata unguwa a Accra babban birnin Ghana, aka haife ni, a wani layi da ke gangarawa babbar kwata. Tun ina yaro na san in hadari ya haɗo, mata kan fito da bokitin shara su ajiye a bakin ƙofa, ruwa na yin ƙarfi a juye a kwata. Ni ma an aike ni na juye, ba sau ɗaya ba. Ban taɓa tambayar inda ruwan yake kai ta ba, sai bayan daren 3 ga Yuni 2015, da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a Circle, babbar mahaɗar hanyoyin Accra, mutum fiye da 150 suka rasu. Bayan haka ne na bi kwatarmu da ƙafa. Tana zuba ne a kogin Odaw, shi kuma ya wuce ta Agbogbloshie ya faɗa tafkin Korle, daga nan sai teku. Ashe ledar ruwan da na yar a ƙofar gida tana iya ƙarewa a komar masunci a Jamestown.

Shekarar da ta biyo baya, a watan Afrilu, muka haɗu mu samarin layi muka ce za mu yashe tamu ƙaramar kwatar kafin ruwan Yuni. Muka zaɓi Asabar ta farkon wata, ranar tsabtar da gwamnati ta ware tun 2014. Shebur huɗu, baro biyu, takalmin roba na aro. Na shiga da zaton leda zan yi ta kwasa. Ina! Ledar a sama kawai take. Ƙarƙashinta yashi ne da baƙar laka mai wari, ta daskare sai an sa diga. Yashin nan daga lungunanmu marasa kwalta yake zuwa, da tulin da magina ke jibgewa a bakin hanya su manta. Shi ke cike cikin kwata, leda ta zo ta toshe ɗan abin da ya rage.

Kafin la'asar kwata ta yi fes, har ana ganin siminti. Muka tara lakar a gefe, muna jiran motar da aka yi mana alkawari. Shiru. Daren Talata aka sheƙa ruwa, da safe muka tarar duk ta koma inda muka ɗebo ta. Aikin baban giwa.

Kuskure na biyu nawa ne ni kaɗai. Na sa maƙeri ya yi mana ragar ƙarfe muka kafa a bakin kwata don ta tare shara. Ta kuwa tare. Ruwa ya rasa hanya, ya juya ya shiga rumfar Hajiya mai koko, ya jiƙa mata buhun gero. Da asuba ta same ni a ƙofar masallaci, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Ɗana, shara kuka tare ko ni?" Na ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya." Muka yi karo-karo muka biya geron.

Tun daga nan muka sauya tsari. Ba mai taɓa shebur sai an haɗa kuɗin aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, an ga direban da ido ya tsaya a bakin layi, laka na fitowa ana lodawa. Ragar ba mu cire ba, amma yanzu tana da masu ita: gida uku ke karɓa-karɓa, ana fara yayyafi wani ya fita da manjagara. Mai gini kuma in ya sauke yashi, mai unguwa kan tura a gaya masa ya kewaye shi da bulo.

Ana ta yashe Odaw da manyan injuna, kuma a 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 don aikin ambaliyar Accra, Nima na ciki. Ina murna da hakan. Sai dai duk lokacin da na tsaya a kan gadar Circle na ga injin yana ɗebo yashi, nakan ce a raina, wani daga ciki na layinmu ne.

Jiya da daddare aka yi ruwa, kuma gidanmu ne ke da aikin ragar. Na cire buhu biyu na leda a jikin ragar, da silifa wari ɗaya. Hajiya ta aiko min da koko da ƙosai.