Littafin bashin da bai shiga ajiya ba

Ina cikin shekarata ta biyu da fara gyaran kwamfuta a wani ƙaramin shago a Garwa lokacin da wani Alhaji mai fataucin atamfa, wanda kayansa ke bi ta Marwa da Kusiri zuwa Njamena, ya aiko mana da kwamfutarsa da ƙwayar cuta ta lalata. Maigidana ya ce a goge faifan a sake ɗora mata Windows 10. Yaron Alhaji ya zo da faifan waje da File History, tsarin Windows mai ajiye kwafin fayiloli, ke zuba kwafi a cikinsa, na leƙa na ga jakar ta yi nauyi, hankalina ya kwanta, na goge komai.

Wahalar farko ba ta da girma. Sabuwar Windows ba ta san tsohuwar ajiya ba, kuma idan mutum bai nuna mata cewa tsohon kwafin da ke faifan yake son amfani da shi ba, sai ta buɗe sabon babi kamar ba a taɓa ajiye komai ba. Na bi ta hannu na shiga jakar FileHistory, inda kowane fayil ke ɗauke da ranar da aka kwafe shi a jikin sunansa. Agogon Girinwich ake bi wajen rubuta lokacin, saboda haka yakan kasance baya da namu na Kamaru da awa ɗaya. Wasiƙu, hotunan kaya da takardun kwastan duk sun dawo.

Washegari Alhaji ya zo da kansa, ya zauna, ya ce: "Ɗana, buɗe mini lissafin masu bashi." A nan ne jikina ya yi sanyi. File History jakunan mai amfani yake kwafewa, irin su na takardu, hotuna da abin da ke fuskar allo, alhali manhajar lissafin Alhaji tana ajiye bayananta ne a wata jaka ta daban a gindin faifan C, wato babban faifan kwamfutar, wurin da ajiyar ba ta taɓa leƙawa ba. Girman jakar ajiyar ne ya ruɗe ni, domin da na tambayi Alhaji abin da ya fi tsoron rasawa, na nemo shi cikin ajiyar, na buɗe shi a wata kwamfutar kafin in taɓa faifan, da minti goma sun isa in gane gibin.

Maigidana bai yi mini faɗa a gaban baƙo ba. Ya kashe kwamfutar nan take, ya ciro faifan, ya bayyana mini cewa gogewar gaggawa jadawalin fayiloli kawai take sharewa, bayanan kuwa suna nan har sai an rubuta wani abu a kansu, don haka kowane minti da injin ya yi yana aiki asara ce. Mun ci sa'a faifan tsohon yayi ne mai juyawa. Da SSD ne, wato faifan zamani marar juyawa, umarnin TRIM da Windows ke aika wa faifan kan sa abin da aka goge ya tafi ke nan. Muka haɗa shi da wata kwamfutar muka sa masa PhotoRec, manhajar da Bafaranshe Christophe Grenier ya rubuta, wadda ke gane fayil ta tsarin cikinsa. Ta kwana tana aiki, ta fito da dubban fayiloli marasa suna, sai lambobi.

Kwana uku na yi ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya cikin zafin Afrilu. Fayil ɗin lissafin na ƙarshe sabuwar Windows ta riga ta hau kansa, amma na tsinci wani kwafi da ya tsaya a wata huɗu baya. Ragowar daga littafin takarda muka cike shi, wanda Alhaji bai taɓa daina rubutawa da ajami ba duk da dariyar da 'ya'yansa ke yi masa. Yana karantowa ina bugawa, daga bayan la'asar har aka kira magariba.